NIN ta zama lambar haraji, to ina takardar yarjejeniyar?

Tun ranar 1 ga Janairun 2026 da sababbin dokokin haraji suka fara aiki, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ta samu ƙarin aiki: yanzu ita ce lambar harajin mutum. Hukumar tara haraji ta ƙasa, wadda aka sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS, ta gabatar da abin kamar wani rangwame da aka yi wa jama'a, wai ba sai ka je ka bi layi ka karɓi wani sabon kati ba. Madalla, an gode. Hankalin mutane ya tafi kan ko za a riƙa zarar musu kuɗi daga asusu ba da saninsu ba, jami'ai kuma suka yi ta musantawa a gidajen rediyo da talabijin.

Ni abin da ya tsaya min a rai wani ne daban. Idan lambar da NIMC, hukumar rajistar 'yan ƙasa, ta ba ni ta zama lambar haraji, to an fasa ƙofa tsakanin rumbun bayanan NIMC da na masu haraji. Wace takarda ce ta fayyace abin da zai bi ta ƙofar nan? Suna da ranar haihuwa kaɗai, ko har da adireshi da hoto da lambar waya? Jami'ai nawa ne ke da izinin leƙawa, kuma wa ke lissafin sau nawa suka leƙa? Waɗannan tambayoyi suna da amsa a rubuce, domin hukumomin gwamnati ba sa musayar bayanan miliyoyin mutane da baki. Takardun suna nan a cikin wata durowa a Abuja. Mu da ake musayar bayananmu, sai dai mu ji labari a sanarwar manema labarai.

Kuma wannan ba ita ce ƙofa ta farko ba. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN, aka ɗauki zanen yatsun duk mai asusu. A Disamban 2020, zamanin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa 14 ga Satumban 2024. JAMB ta wajabta NIN ga masu neman shiga jami'a tun 2021. A Disamban 2023 Babban Banki ya ce hatta ƙananan asusu sai an liƙa musu BVN ko NIN. Tallafin naira 25,000 na wata uku da aka yi wa magidanta miliyan 15 alkawari, bayan badaƙalar da ta kai ga dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a Janairun 2024, shi ma an ɗaure shi da tantance sunayen rajistar marasa galihu ta hanyar NIN ko BVN. Fasfo ma haka. A kowane mataki an ce wa talaka ya kawo, ya kuma kawo, wani lokaci bayan ya yini a rana a ƙofar ofis. Abin da ake yi da kayan bayan ya miƙa, wannan kuma an ɗauka ba huruminsa ba ne.

Akwai masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron a duba shi. To su fara karanta wa hukumomin wannan jumla.

Doka kuwa ba ta bar wurin ja-in-ja ba. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayun 2011 bayan ta shafe fiye da shekara goma tana yawo a majalisa, ta ba kowane mutum ikon neman takardar da ke hannun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ta tanadi tarar naira 500,000 ga wanda ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Sashe na biyu ma bai jira a tambaya ba: ya ce hukuma ta riƙa wallafa bayanan ayyukanta da kwangilolinta da kanta. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce, har sai da Kotun Ƙoli ta toshe wannan kafa a Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo. Sannan ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kafa hukumar NDPC. Ita ta ce duk wanda zai sarrafa bayanan jama'a ta hanyar da ke da babban haɗari, sai ya fara auna illar da hakan zai jawo a rubuce. Ta ce idan bayanai suka zurare ta yadda za su cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Ta ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa da waɗanda aka ba.

Ke nan akwai aƙalla takardu iri uku da suka wajaba su kasance: yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin hukuma da hukuma, rahoton auna illa, da rahoton abin da ya faru duk lokacin da aka samu zurarewa. Babu sunan kowa a cikinsu. Ba su ƙunshi lambar waya ko hoton wani ba. Dokoki ne na yadda za a taɓa bayananmu. Amma ka gwada neman irinsu, ka ga yadda kalmar "sirri" ke fitowa da sauri daga bakin jami'i.

A nan ne abin ya fi ba ni haushi. Sashe na 14 na dokar 'yancin samun bayanai ya ba hukuma damar hana bayanin da ya shafi rayuwar wani mutum, kuma wannan daidai ne. Babu mai son a miƙa takardun asibitinsa ga duk wanda ya rubuto wasiƙa. Sai dai an mayar da wannan sashe bargon da manya ke lulluɓa da shi. A 2019 ƙungiyar SERAP ta nemi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ta ba ta takardun bayyana kadarorin shugabanni da gwamnoni, hukumar ta ƙi, ta ce hakan shiga sirrin mutane ne. Riƙe wannan a ranka, ka dubi abin da ya faru shekara biyar bayan nan.

A Maris ɗin 2024 'yan jaridar kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN ga duk mai ɗan canji. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa wani, AnyVerify, inda naira 100 ke sayo maka bayanan mutum. Don ta nuna cewa ba wasa take yi ba, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanan kansa, Vincent Olatunji. Naira ɗari, kuɗin da bai kai na hawa Keke Napep daga Ƙofar Mata zuwa Sabon Gari ba. Gidajen gwamna da filayensa sirri ne da doka ta tsare, amma hoton matar aure da adireshin gidanta suna kasuwa.

NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Mai yiwuwa gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne abin ya fi muni. Bayanin farko da NDPC ta fitar kan XpressVerify ya nuna cewa ana zargin wasu da aka ba izinin tantance lambobi ne suka bar wani ya yi amfani da izininsu. Wato ba katanga aka haura ba, da mabuɗi aka shiga. To tambayar da ta biyo baya mai sauƙi ce: kamfanoni nawa aka ba irin wannan mabuɗi, a kan wane sharaɗi, nawa suka biya, su waye suka saɓa, wane hukunci aka yi musu? NDPC ta iya faɗin adadi idan kamfani mai zaman kansa ne ya yi laifi. Mun ji tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity a 2024, mun ji ta naira miliyan 766 a kan Multichoice a 2025. Da abin ya zo kan 'yar'uwarta hukumar gwamnati, sai murya ta yi ƙasa, aka koma yi wa jama'a nasiha su daina ba da lambarsu barkatai. Wa ya tilasta musu ba da ita a banki, da shagon rajistar layi, da wurin cike fom ɗin jarrabawa? Mutumin da aka toshe wa layi ya je shagon kwamfuta ya miƙa takardarsa ga yaron da bai sani ba, yanzu kuma shi ne mai sakaci.

Wasu za su ce sha'anin tsaro ne, fitar da takardu zai taimaki miyagu. Da sunan tsaro aka toshe layukan nan tun farko, kuma a Janairun 2024, lokacin da satar mutane ta addabi gefen Abuja, Pantami da kansa ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Har gobe ɗan bindiga na kiran iyalan wanda ya sace a waya ya yi cinikin kuɗin fansa. Yarjejeniyar NIMC da hukumar haraji ba taswirar barikin soja ba ce.

Akwai kuma wata illa da ba a cika magana a kanta ba, ta fi satar bayanai yawan waɗanda take ci: kuskuren gwamawa. Idan kwamfuta ta ɗauko sunanka daga rumbu biyu ta ga ba su yi daidai ba, ba ta tambayarka dalili. Mu kuwa a nan Arewa sunayenmu ba su zauna wuri ɗaya a takarda ba. Mutum ɗaya Muhammad ne a banki, Mohammed a makaranta, Muhammadu a katin zaɓe. Mace ta buɗe asusu da sunan mahaifinta, ta yi NIN da sunan mijinta. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin suna na uku a wannan takarda, ya bar shi a waccan. Dattijon da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, ma'aikacin rajista ya ba shi 1 ga Janairu na shekarar da ya ga ta dace da furfurarsa, wani ma'aikacin a wani ofis ya ba shi wata shekarar. Duk waɗannan, a idon na'ura, mutum biyu ne ko kuma maƙaryaci ɗaya. Sai asusu ya daskare, ko sunan bazawara ya faɗo daga jerin masu tallafi. Gyara kuma da kuɗi: a Mayun 2025 NIMC ta ɗaga kuɗin gyaran ranar haihuwa zuwa naira 28,574, fiye da tallafin wata guda. Mutum nawa aka cire daga rajistar marasa galihu saboda suna bai yi daidai ba, kuma daga waɗanne jihohi? Wace ƙa'ida na'urar ke bi kafin ta ce wannan ba shi ba ne? Wannan ma yana rubuce a wani wuri.

Ƙasashen da suka fi mu tsaftar takardu ma sun ƙone a kan wannan. A Ostireliya gwamnati ta gwama bayanan hukumar haraji da na masu karɓar tallafi, na'ura ta raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-wa-daida kamar kowane mako abu ɗaya yake samu, ta aika wa talakawa takardun bashin da ba su ci ba. A 2020 gwamnatin ta amince za ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000, kuma kwamitin binciken da ya ba da rahoto a 2023 ya yi tir da tsarin. A Amurka tun 1988 doka ta ce hukumomin tarayya ba za su gwama bayanan masu karɓar tallafi ba sai da rubutacciyar yarjejeniya da jama'a za su iya gani, kuma ba za a yanke wa mutum haƙƙinsa ba sai an tabbatar da sakamakon an kuma ba shi damar kare kansa. Mun iya kwaikwayon na'urorinsu da karɓar bashin Bankin Duniya don sayo su. Wannan ɓangaren ne kullum yake ɓacewa a hanya.

Abin da nake nema bai kai gina gada wahala ba. NIMC da NRS da Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC su ɗora yarjejeniyoyinsu a shafukansu, tare da sunayen duk kamfanonin da ke da izinin shiga rumbun. NDPC ta fitar da cikakken rahoton abin da ta gano a 2024, ba taƙaitawar sakin layi uku ba. Lauyoyinmu da 'yan jaridarmu na Kano da Kaduna da Sakkwato, waɗanda suka bar wa ƙungiyoyin Legas da Abuja wannan fage, su fara rubuta wasiƙun nan suna ƙirga kwana bakwai, su wuce kotu a na takwas. 'Yan majalisarmu kuwa, waɗanda suka zartar da dokokin harajin, ina so in ji ko mutum ɗaya a cikinsu ya nemi a nuna masa rahoton auna illa kafin ya ɗaga hannu.