Kafin ki ɗora wa ƙwarin fuska laifi

Makon jiya ƙanwata ta faɗo ɗakina a Unguwar Rogo, Jos, da waya a hannu, murya na rawa. "Yaya, dubi abin da ke cin fuskata." Bidiyo ne na wata halitta doguwa kamar tsutsa, da gajerun ƙafafu takwas a cunkushe kusa da kai, tana motsi a ƙarƙashin madubin likita. Wai su ne ke kawo ƙurajen fuska, wai kuma akwai man da ke gamawa da su.

Ƙwarin dai akwai su. Sunansu Demodex, dangin kaska ne da gizo-gizo. Iri biyu ne ke zama a jikin mutum, ɗaya a ramin da gashi ke fitowa, ɗaya can ciki inda fata ke fitar da maiƙo. Babbansu bai kai rabin milimita ba. Da rana suna kife a rami suna cin maiƙo, da dare su fito su yi barbara, duka rayuwarsu kamar mako biyu ce. Wani likitan Jamus, Gustav Simon, ya gan su tun 1842, lokacin da yake matse ƙuraje yana duba abin da ke ciki. To ba TikTok ne ya gano su ba.

Abin da mai bidiyon ya ƙi faɗa shi ne kusan duk baligi yana ɗauke da su. Ina da su, shi ma yana da su, amaryar da fuskarta ke sumul kamar ƙwai ita ma tana da su. Ƙurajen balaga kuwa tushensu daban: maiƙo ya yi yawa, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe rami, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Ƙwarin nan sai sun yi yawa fiye da kima suke zama matsala, sannan fuska ta riƙa zafi da ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, ko gindin gashin ido ya tara wani abu kamar amosani.

Me ke sa su yawa? Raunin garkuwar jiki, da kuma shafa mai mai sitiroid, wato sinadarin kwantar da kumburi, wata da watanni. Nan ne raina yake ɓaci. Ƙanwata ta fi wata huɗu tana shafa wani haɗi da wata mai shago ta zuba mata a roba, ba suna, ba takarda, ba lambar NAFDAC. Makon farko fuska ta yi haske, ƙuraje suka kwanta, har ƙawaye na tambayarta sirri. Daga baya fatar ta yi siriri, jijiyoyi suka fito a kumatu, in ta tsallake kwana biyu sai fuska ta ɗau wuta. Ga sanyin Jos da ke fasa fata, sai ta ƙara lafta shi safe da yamma. Da hannunta ta gyara wa ƙwarin da take tsoro shimfiɗa, yanzu kuma tana neman wani man ta ɗora a kai.

Maganin da likitoci ke ba wanda aka tabbatar ƙwarin sun yi masa yawa, ciki har da man ivermectin, ba baƙo ba ne a Filato. Sinadarin Mectizan ne, wanda a baya aka daɗe ana rabawa a ƙauyuka don makantar bakin rafi. Amma don Allah kada wata ta karanta wannan ta nufi kemis tana neman ƙwayar. Ƙazwa ma ƙwaro ke kawo ta, sai dai wani ne daban, kuma ba da ido ake rarrabe su ba, sai an kankare fata an duba.

Na kai ta wurin likitan fata. Ya ce a bar robar, ya kuma gargaɗe mu cewa fuska za ta ƙara lalacewa kafin ta dawo. Haka kuwa aka yi. Yau kwana shida ba ta fita ba sai da niƙabi, robar kuma tana kulle a akwatina, don jiya da dare na same ta tana laluben makullin.