Na je kamun kifi Argungu, na dawo da jaki

A ƙasan adakar Kawu na tsince ta, naɗe cikin tsohon rawani, ranar da muke kwashe kaya za a sake wa ɗakinsa rufi a Birnin Kebbi. Kyamara ce ƴar ƙarama ta Olympus, mai fim, irin wadda ake zame murfinta gefe sai ta farka, idonta ya leƙo kamar wuyan kunkuru. A bakin idon an rubuta 38 zuwa 80, ma'ana tana zuƙo abu ya ninka girmansa sau biyu da ƴar ɗoriya. Kawu ya ce, "Ɗauka, ɗan nan. Wagga ita ka yin komi da kanta, ko makaho na aiki da ita." Maganar nan ce ta kai ni ta baro.

Batir ya fara ba ni wahala. Ba ta cin na tocila ko na rimot, nata guda ne, gajere mai kauri, CR123A, mai ƙarfin volt 3. Na zaga kasuwa har wani mai shago ya ba ni shawarar in cusa na rediyo in cike gurbin da takardar sigari. A ƙarshe daga Abuja aka riƙo min. Fim kuwa Legas na aika, Kodak Gold 200 mai hoto 36, a kan kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsa ba.

Sa fim ba wuya. Ka buɗe bayanta, ka zaunar da gwangwanin, ka ja harshen fim ɗin ya kwanta har kan alamar da aka yi a ɗaya gefen, ka rufe. Ɗan injin ciki zai yi ƙara ya ja, lamba 1 ta bayyana a allon sama. Ni da farko na ja shi bai kai alamar ba, sai harafin E ya riƙa ƙyafta min ido. Saurin fim ma ba kai za ka gaya mata ba: akwai ƴan murabba'ai na azurfa da baƙi a jikin gwangwanin, ƙananan ƙarafan da ke ciki su suke taɓa su, su karanta.

Ranar babban kamu na bikin Argungu na isa bakin gulbin Matan Fada da ɗan yayana mai shekara tara. Masunta dubbai sun yi sahu, kowa da gorarsa da homa. Aka harba bindiga, ƙura ta tashi, mutane suka ruga ruwa kamar an kora su. Ni kuma na danna maɓallin zuƙowa har ƙurya, idon ya fito zuuu, na hau ɗauka ba ƙaƙƙautawa.

Abin da ban sani ba a lokacin, idon nan yana tsukewa in ya yi tsawo. A kan 38 ƙofarsa f/4.5 ce, a kan 80 kuma ta koma f/8.9, wato hasken da ke isa fim ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga hazo, ga ƙura. Sai kyamara ta ga duhu, ta kunna filasha da kanta. Filashar nan kuwa iyakarta mita huɗu zuwa biyar in ba ka zuƙo ba, in ka zuƙo sai ta koma rabi. Masunta suna can tsakiyar gulbi, ni ina nan ina haska ƙeyar wani bawan Allah da ke gabana. Sau uku yana waiwayowa, a na huɗu ya ce, "Malam, mi kaka nema ga kaina?" Na kashe filashar. Amma da zarar ka rufe murfi ka sake buɗewa sai ta manta, ta koma kunna kayanta. Na ƙara haska shi, na canza wuri.

Da aka fara fito da giwan ruwa zuwa wurin awo, na samu wasu masunta biyu sun riƙe nasu, na ce su tsaya. A nan na yi kuskure na biyu. Kyamarar tana auna nisan abin da ke tsakiyar tagar leƙe ne kawai. Ƙa'idar ita ce ka ɗora ɗan da'irar tsakiya a kan fuskar mutum, ka danna maɓalli rabi har koriyar fitila ta tsaya cak, sannan ka gyara tsayuwar hoton ba tare da ka ɗaga yatsa ba, ka ƙarasa dannawa. Ni ɗaya a dama, ɗaya a hagu, tsakiyarsu fili, na danna gaba ɗaya. A cikin filin nan, can baya, akwai jaki.

Muna kan hoto na 22 na miƙa wa yaron ya riƙe min in yi alwala. Ɗan zamani ne, bai taɓa ganin hoton da ba a gani nan take ba. Ina wanke ƙafa na ji ya ce, "Baba, ba kowa ciki hwa!" Na juyo, ya ɓalle bayanta, yana leƙen fim a tsakar rana. Na yi tsalle da ƙafa ɗaya a jiƙe na rufe. Ita kuma baiwar Allah ta ɗauka sabon fim aka sa mata, ta ja kamar hoto uku a banza, lamba ta koma 1. Daga nan ban ƙara sanin saura nawa ba, sai da na ji ta kama naɗe fim ɗin da kanta, daidai lokacin da ake ɗaga kifin da ya fi kowane girma.

Wanki ma sai da na mayar Legas, mako uku ina jira. Da hotunan suka iso tare da dodonsu, wato fim ɗin da aka wanke, na ɗaga dodon a rana. Guda biyar na kusa da inda aka buɗe sun yi baƙi ƙirin, haske ya cinye su. Waɗanda suka riga suka naɗu can ciki sun tsira, sai dai a hotunan da aka buga gefensu ya yi jajaja kamar an ɗiga manja. Shida ƙeyar mutumin nan ce, fes, har ana ƙirga zaren hularsa. A huɗu akwai wani abu ja mai laushi a kusurwa, wanda na daɗe ina nazari kafin in gane yatsana ne. Tagar leƙe daban take da idon ɗauka, don haka ko ka toshe ido rabi, kai garau kake gani. Masuntan nan biyu sun fito dishi-dishi kamar aljanu, kifinsu kamar buhu. Jakin kuwa, ko a situdiyo albarka.

Na kai wa Kawu su duka. Ya sa tabarau, ya bi su ɗai-ɗai bai ce uffan ba, har ya zo kan jakin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in wanko masa babba, irin na sawa a bango.