Masu Farautar Tashoshin Ɓoye Ba Su Ne Matsalar Ba

A Kaduna har yanzu akwai masu jan eriyar rediyo idan dare ya raba, su shiga lalube a gajeren zango. Ba BBC ko DW suke nema ba, waɗannan kowa ya san mitarsu. Farautarsu ita ce tashar da ba ta da lasisi, wadda za ta ɓullo yau ta ɓace gobe. Wasu na cewa rashin aikin yi ne, wasu kuma na zargin akwai lauje cikin naɗi. A ganina sha'awa ce mai tsabta, a ƙyale su.

Abin sai mai haƙuri. Siginar gajeren zango tana haurawa can sama ta bugi wani sashe na samaniya ta dawo ƙasa, shi ya sa ƙaramar tasha kan tsallaka ƙasashe, musamman da dare. Mai wannan sha'awa zai ja doguwar waya daga taga zuwa bishiya, ya ajiye littafin rubuta lokaci da mita. Kuma shi kaɗai ne ke murna in an ɗauke wuta a unguwa, domin caja da ƙwayayen fitilar zamani su ke cika masa akwati da shuu.

Irin waɗannan tashoshi ba sa tsirowa haka kawai, sai inda masu lasisi suka bar giɓi. A 1964 Radio Caroline ta fara watsa kiɗan matasa daga cikin jirgin ruwa a gefen gaɓar Ingila, saboda BBC ba ta ba irin kiɗan wuri sosai. Gwamnati ta yi dokar murƙushe su a 1967, amma a shekarar BBC ta buɗe Radio 1, ta kwashi wasu daga cikin ma'aikatansu. Mu ma mun gani a gida. A 1996, zamanin Abacha, masu adawa da mulkin soja irin su Wole Soyinka da Kayode Fayemi sun tsaya wa Radio Kudirat, wadda ke watsowa daga ƙetare. Ko kana ra'ayinsu ko ba ka yi, wanda ya kama ta ya ji abin da gidajen gwamnati ba za su faɗa ba.

Masu tsoro suna da hujja, ban raina ta ba. Garin da ya ga rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 ya san abin da baki ke iya tayarwa. Sai dai lasisi bai taɓa zama maganin wannan ba. Manjo Nzeogwu a gidan rediyon Kaduna na gwamnati ya yi jawabinsa na juyin mulki ranar 15 ga Janairun 1966. Tashar RTLM da ta rura kisan ƙare dangi a Ruwanda a 1994 ba ɓoyayyiya ba ce, a Kigali take, da ɗaurin gindin manya. Yau kuwa mai son tunzura jama'a me zai yi da eriya, ga WhatsApp a aljihunsa?

Haɗarin gaske na na'ura ne. Zangon FM yana ƙarewa a 108, daga nan mitocin jiragen sama suka fara. Na'urar da aka haɗa a shago ba tare da tacewa ba tana iya malalawa can, ga filin jirgi da sansanin sojan sama a Kaduna, ga makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Wannan aikin NBC ne, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin da aka kafa a 1992, kuma dokarta mai watsawa take nema da lasisi. Mai saurare bai taɓa mitar kowa ba. Hasali ma littafinsa ne zai fara nuna inda wata na'ura ke ɓarna.

Idan hukumar na son rage tashoshin ɓoye, ta duba giɓin. Sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a duk faɗin ƙasar nan. Jihar da ke da Gbagyi da Adara da Atyap da Bajju da Ham, yawancinsu ba sa samun fiye da ɗan taƙaitaccen shiri a harshensu, ta cancanci ƙananan tashoshi masu arhar lasisi, a ware musu mita nesa da ta jiragen sama, a kuma san wanda za a kama idan aka yi ɓatanci.