Kafin a buga kuɗin bai-ɗaya, a gyara ƙa'idojin bakin iyaka

Albasa ba ta jiran kowa. In aka loda ta a Galmi aka biyo ta Birnin Konni za a shiga Illela, kwana biyu a rana sun isa buhunan ƙasa su fara tsiyayar ruwa, wari ya tashi, mai kaya ya soma lissafin asara tun bai ga Sakkwato ba. Na sha ganin direbobin manyan motoci suna ware 'yan canji kafin su tashi, su nannaɗe su kashi-kashi su jera a gaban mota. Wannan na goro ne, kowane shinge da nasa. Da shi ake lissafi kamar kuɗin mai, kuma a ƙarshe matar da ta aiki yaro sayen albasar miya a Kano ko Ibadan ita ke biya.

A takarda kuwa, bai kamata albasar nan ta biya ko sisin haraji ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo. A 1979 aka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, aka kuma fara tsarin sassauta ciniki na ETLS, wanda ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su wuce ba haraji, ba ma sai da takardar shaidar asali ba. An wuce shekara 40 ke nan, amma cinikin da ƙasashen yankin ke yi a junansu, a lissafin hukuma, bai kai kashi 15 cikin 100 na kasuwancinsu ba.

Abin da nake gani shi ne shugabanninmu sun ɗauko aikin daga sama. Kowane taron ƙoli maganar Eco ake yi, kuɗin bai-ɗayan da aka sha sa masa rana ana ɗagawa, har aka dawo da shi daga 2020 zuwa 2027. Sharuɗɗansa a fili suke: kada giɓin kasafin kuɗi ya wuce kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasa, kada hauhawar farashi ta wuce kashi 5, a kuma ajiye kuɗin waje da zai ishi sayayyar wata uku. To Ghana ta ga hauhawar farashi sama da kashi 50 a ƙarshen 2022, Najeriya ta haura 30 a 2024. Ba a ɗora jinka kafin a ta da ginin ɗaki. Ginin shi ne ƙananan dokokin nan masu gundura waɗanda babu shugaban da ke samun tafi a kansu: wace takarda ake nema, wa ke dubawa, sau nawa, nawa ne kuɗinta.

A ɗauki mai ƙaramar masana'antar man gyaɗa a Kano. Ya sha wahala ya sami lambar NAFDAC. In yana son kayansa su shiga tsarin ETLS, sai kwamitin ƙasa ya tantance shi, ya nuna cewa kashi 60 na kayan haɗinsa na yankin ne, ko kuma aikin da ya yi ya ƙara musu daraja da kashi 30. Ya gama wannan, ya isa wata ƙasa, can ma hukumar abincinsu tana da nata gwajin da nata takardun, cikin Faransanci. In rikici ya haɗa shi da abokin cinikinsa, Nijar da Benin da Chadi da Kamaru duk suna bin dokar kasuwanci ɗaya ta OHADA da aka kafa a 1993, Najeriya kuma tana kan tsarin da ta gada daga Ingila. Wajen biyan kuɗi, hanyar banki takan bi ta dala ko yuro, a yanke nan a yanke can, shi ya sa ɗan kasuwar Maraɗi yake ɗauro sefarsa a jaka ya nufi 'yan canji, ya kasada da ransa a hanyar da kowa ya san halinta. An ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PAPSS a Accra a Janairun 2022 domin magance wannan, amma ka shiga kasuwar Dawanau ka tambayi mutum goma, ka ji nawa suka taɓa jin sunansa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wanda bai san haƙƙinsa ba shi ne abincin mai shinge.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya gyarawa ba tare da an buga sabon kuɗi ba. Ƙasashe su yarda cewa gwajin da ɗaya ta yi ya wadatar wa sauran. A haɗa jami'an ɓangarorin biyu a ofishi ɗaya a duba kaya sau ɗaya, kamar yadda aka yi niyya da tashar Seme-Krake ta iyakar Najeriya da Benin da aka buɗe a 2018. A manna jerin kuɗaɗen da doka ta halatta a bango, da Hausa, da manyan baƙaƙe.

Sai dai akwai ciwon da ya fi wannan zurfi, wato rashin cika alkawari. A watan Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a Yamai. A watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a sake buɗe Illela da Maigatari da Seme da Mfum ba sai Disamban 2020. Na fahimci dalilin, kuma ba na raina shi. Shinkafar waje tana sauka a Kwatano fiye da abin da mutanen Benin za su iya ci, ta kwararo Najeriya ta ɓarauniyar hanya ta karya manomin Kebbi, ga fetur na fita, ga makamai na shiga. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar ita ce bambancin haraji tsakanin maƙwabta, duk da jadawalin haraji na bai-ɗaya na ECOWAS da aka fara aiki da shi a 2015. Maganinta zama a daidaita harajin, a bi diddigin kayan da ke ratsa ƙasa da kwamfuta, a yi sintiri tare. Rufe ƙofa ya fi cutar da mai tumatir da mai raguna, shi kuwa babban ɗan fasa-ƙwauri ya san hanyoyin daji.

Aka maimaita bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023. Takunkumin ECOWAS ya rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijar ke samu daga Najeriya, magani da abinci suka yi tsada a Damagaram da Tawa, kasuwannin Jibiya da Maigatari suka yi tsit. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma zukata sun riga sun ɓaci, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025. Wa zai gina masana'anta yana dogaro da kasuwar da sanarwa ɗaya za ta iya rufewa cikin dare? Ni a ganina duk wata sabuwar yarjejeniya dole ta ƙunshi sharaɗin cewa abinci da magani da wuta ba sa shiga takunkumi, kuma ba a rufe iyaka sai da wa'adi da dalili a rubuce.

ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku a tsohon tsari har zuwa wani lokaci, amma wannan lamuni ne na wucin-gadi. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tasu tun 1971, mai hedikwata a Yamai, wadda ba ta rataya a kan ECOWAS ba. Ita ya kamata a farfaɗo da ita yanzu. Ana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma kafin jirgin farko ya tashi ana buƙatar a san inda za a duba kaya, takardar da za a nuna, da kuɗin da za a karɓa, naira ko sefa. In ba a zauna an yanke wannan ba, taragon albasa zai kwana a Jibiya kamar yadda mota ke kwana a Illela.