Na daina tura wa malaman gida linkin kwas

Ni malamin lissafi ne a wata makaranta mai zaman kanta a nan Jidda, kafin na zo kuma na yi shekaru ina shan ƙurar alli a firamare a Kano, don haka abun da zan faɗa ba jita-jita ba ce, gefe biyun duk na taka. Kuma da kaina zan fara, sabida na daɗe ina wani hali da sai yanzu nake jin kunyarsa. Duk kwas ɗin da na gani a intanet na horar da malamai, na Coursera ne ko edX ko wata bita da za a yi a Zoom, sai na kwaso linki na watsa a guruf ɗinmu na ƴan ajin NCE, har da ƙarin wa'azi a ƙasa, wai jama'a a tashi a nemi ilimi duniya ta ci gaba kyauta ne fa. In na ga shiru sai na ce a raina mutanenmu dai ba sa son wahala.

Ƙanwata ce ta sauke min wannan girman kan. Malama ce ita ma, aji uku take koyarwa a wata firamaren gwamnati, yaranta sun haura casa'in a aji ɗaya. Na matsa mata sai ta shiga wata bita da malamai daga ƙasashe daban-daban, ta shiga don kar na ji haushi. An sa ƙarfe takwas na dare agogon Saudiyya, wato shida na yamma a gida tunda awa biyu ce tsakaninmu, daidai lokacin da tukunya ke kan wuta magariba na kawo jiki. Ina zaune ƙarƙashin AC da shayina ina kallon sunanta yana fitowa yana ɓacewa, sau huɗu na ƙirga, na biyar bata dawo ba. Da safe ta turo min saƙon murya tace Yaya don Allah ka yi haƙuri, datar da na saya ta sati ce ta tafi a zama ɗaya, wayar ma a shagon mai caji ta kwana, kuma ni abun da matar nan take ta bayani na raba yara rukuni-rukuni kowa da tablet ɗinsa ban san a ina zan yi shi ba, mu benci ma bai ishe mu ba.

To ka ji fa. Kalmar "kyauta" ɗin nan da muke ta maimaitawa, a nan ne take kyauta. Zoom da bidiyo a kunne yana iya lashe kusan giga guda a awa ɗaya, ga kuɗin data da kira da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ga fetur tun cire tallafi a 2023 janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa, mafi ƙarancin albashi kuma naira dubu 70 ne a takarda. Malamin da ya zauna ya gama kwas na sati shida a wannan yanayin, wallahi daga bakin ƴaƴansa ya cire.

A nan abun ya sha bamban ne ba don malaman sun fi namu ƙwazo ba. Lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, ma'aikatar ilimi ta fito da dandalin Madrasati, aka haɗa shi da Microsoft Teams, ga tashoshin Ain a talabijin da YouTube suna ta darasi aji-aji, malami ko yana so ko baya so sai da ya koyi buɗe aji a kwamfuta. A gida a lokacin rediyo aka koma, kuma ban raina ba don shi ne abun da ke shiga ko wane lungu. Sannan a nan malami yana da abun da suke kira rukhsa mihaniyya, lasisin koyarwa da ake zana wa jarrabawa, ga matakan girma, mumaris, mutaƙaddim, khabir, wato daga mai aiki zuwa ƙwararre, kuma horon da ka yi yana shiga lissafi. Ga su Rwaq na nan Saudiyya da Edraak na Jodan, kwasa-kwasai da Larabci zalla, malami zai koyi dabarun koyarwa da harshen da yake mafarki da shi. Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Mu fa? Muna da TRCN mai rajistar malamai, muna da NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna da ta daɗe tana koyar da malamai daga nesa tun zamanin takarda da gidan waya, an ƙaddamar da dandalin karatu na intanet na Nigeria Learning Passport a 2022 tare da UNICEF, duk suna nan, amma malamar ƙauye da Turancinta na lallaɓawa ne in ta buɗe yawancin kwasa-kwasan duniya sai ta yi yaƙi biyu, na harshe da na darasi.

Amma kar wani ya ɗauka nan aljanna ce. Na ga abokan aiki da idona, su kunna bidiyon horo su kashe sauti su kifa wayar a tebur su tafi shan gahawa, in ya ƙare a danna na gaba, ƙarshen wata a buga satifiket a saka a fayil. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe. Inda aka ce dole ne kuma ana ƙirga awanni, to awannin za a kawo maka. Satifiket ɗina na intanet sun fi goma, in ka tsare ni ka ce wanne ne ya canza yadda nake tsayawa gaban allo, da ƙyar na nuna maka biyu.

Abun da ya canza ni kuwa daga wajen ƙanwar tawa ya fito. Ina fama da wasu yara ƴan aji biyu da suka kasa gane aro a lissafin ɗebewa, irin 42 a cire 17, na gwada manhajoji kala-kala masu hoto da kiɗa, yaran su yi ta danne-danne suna dariya amma in ka ba su takarda sai ido. Ina mata ƙorafi sai ta yi dariya tace Yaya kai da ka koyar a gida ka manta tsinken tsintsiya? Ta ɗauko bidiyo na minti ɗaya da ƴan kai, hannunta kawai ake gani a kan tabarma, ta ɗaure tsinke goma-goma da kyauro, ɗauri huɗu da tsinke biyu a gefe, tace to a cire bakwai daga biyu ba zai yiwu ba, sai ta kwance ɗauri ɗaya a gaban kyamara tsinkayen suka baje, tace ka ga aron nan, yaro ya gani da idonsa an kwance goma. Kuma wai a ajinta manyan yaran da suka gane su take sa wa su zauna da ƙanana biyar-biyar, ita tana zagayawa, in ba haka ba mutum casa'in ta ina.

Tsintsiyar kaba ba ta samuwa a unguwarmu sai in ka je wajen ƴan uwanmu masu kayan gida, don haka tsinken juya shayi na katako na saya kwali guda a baƙala, wato shagon unguwa. Cikin sati yaran suka kama. Wani abokin aikina Bamisire ya leƙo ya gani yace ya ustaz wannan daga wane kwas ne, nace daga Kano ne. Ya karɓi bidiyon na fassara masa, ya tura wa matarsa da ke koyarwa a can ƙasarsu.

Shi ya sa in na ji ana ta maganar haɗin gwiwar malaman duniya nake tambaya, wa ke magana wa ke saurare? Yawancin tarukan da na shiga, mai intanet mai ƙarfi shi ke da baki, na Afirka in ya samu shiga ma makirfonsa a kashe, kyamara a kashe don tsimin data, ya zama ɗan kallo. Alhali wanda ya iya riƙe yara casa'in da alli guda da muryarsa yana da abun koyar da wanda bai taɓa wuce ashirin da biyar ba. In da gaske ake, a gina abun daidai ƙarfin mai raunin sabis mana, saƙon murya, gajeren bidiyo da za a sauke da tsakar dare lokacin garaɓasar data, hoton allo, abun da mutum zai buɗe sanda ya samu caji ba sai an ce kowa ya hallara ƙarfe kaza ba. Hukumomin ilimi na jihohi kuma in sun tashi bita, kuɗin otal da jaka mai tambari da ake rabawa da an mai da shi data da sola a ofishin hedimasta da ya fi amfani, amma wannan wata magana ce, kar na jawo wa kaina.

Yanzu guruf ɗin namu mun canza masa tsari. Mu goma sha ne, akwai mu uku a Saudiyya, ɗaya a Madina yana karatu yana koyarwa, akwai wata baiwar Allah da yaƙin Sudan ya taso daga Khartum a 2023, sauran suna Kano da Katsina da Damagaram. Duk ranar Juma'a mutum ɗaya zai kawo matsala ɗaya daga ajinsa da murya, kar ta wuce minti biyu, da Hausa, sauran su amsa kafin wata Juma'ar. In na yi kwas na ga abu mai amfani ni zan narka shi na faɗa da bakina, ba linki. Wannan satin na Damagaram ne da tambaya, yaransa da Faransanci ake koya musu karatu a gida kuma Hausa suke ji, yana neman yadda zai yi da harafin da sautinsa ya saɓa, ni dai har yanzu ban samo masa amsa ba, ƙanwata kuma ta riga ta tura nata tun daren Asabar.