Arshitek ko Maso, Wa Za a Fara Kira?

Alhaji ɗan Abija ya dawo Tawa da niyyar ɗora etaj bisa tsohon gidan mahaifinsa. Ya ce ma arshitek ya zo ƙarfe tara, maso kuma ƙarfe goma don kar su haɗu, sai arshitek ya makara shi ko maso ya yi sammako, suka yi kiciɓis a zaure.

Maso: Salamu alaikum Alhaji. A'a, wanga yaro mai jakka fa, ɗan karɓar haraji ne?

Arshitek: Arshitek ne ni baba, a Lome na yi karatun zanen gini.

Maso: Lome? Mu motoci muka san ana ɗaukowa daga can, ashe har da masu zane.

Alhaji: Ku zauna don Allah. Ni tambayata guda ce, kuɗina ba su da yawa, cikinku wa zan fara da shi?

Arshitek: Ni mana Alhaji. Zan duba fondasiyo da kaurin bango in ga ko za su ɗauki kaya, in zana maka fulan, in fitar da debi ka san buhun siminti nawa ƙarfe nawa tun ba a fasa komi ba, sannan a kai takardu meri a samo permi, wato izinin gini, bayan nan sai baba ya shigo da cokalinsa.

Alhaji: Madalla. Nawa ne aikin naka?

Arshitek: Wani ɗan kaso ne nake ɗauka cikin kuɗin ginin gaba ɗaya.

Alhaji: Kaso? Gado muke rabawa? Kai ƴaƴana ma sai na mutu za su ga kaso!

Maso: Ka ji ko Alhaji. Ni fulan ɗina a ƙasa nake zana shi da babban yatsan ƙafa, kuma kyauta.

Arshitek: In iska ta taso fa?

Maso: Sai mu zana wani. Shi ya sa duk gidajen da na gina babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Arshitek: Har ɗakunan gida guda ma ba sa kama da juna, na gani.

Maso: Yaro bari in tambaye ka, ka san masallacin Yama, nan cikin jihar Tawa? Alhaji Falke Barmu ya gina shi da laka tun 1962, magini ne irina ba ɗan Lome ba, a 1986 aka ba masallacin kyautar Aga Khan ta gine-gine, duniya duk ta ji.

Arshitek: Na sani baba, mun karanta shi a makaranta.

Maso: Alhaji ka shaida! Mu muna ginawa su suna karantawa.

Arshitek: To Dandaji fa? Mariam Kamara arshitek ce, da ita aka zana sabon masallacin garin aka maida tsohon ɗakin karatu, kuma tare da magina aka yi aikin babu wanda ya kori wani. Sannan baba tsakani da Allah, kai ne Falke Barmu?

Maso: Na dai taɓa shan shayi da wanda ya taɓa ganinsa.

Nan arshitek ya tashi ya ƙwanƙwasa bangon tsakar gida, wani ɓawon siminti ya faɗo ƙasa, jar laka ta leƙo.

Arshitek: Alhaji wanga bango ai laka ce aka yi wa shafen siminti. Kai kuma dal, wato rufin kankare, kake son zubawa a kai, mita kib guda na beto da ƙarfensa ya kai tan biyu da rabi, ga bulo na sama ga mutane ga gadon Hajiya. Sai an tono ƙasa an kafa poto masu ƙarfe tun daga tushe su ɗauki nauyin, in ba haka ba damana guda ta isa.

Maso: Kar ka zagi bangon nan, ni na kwaɓa ƙasarsa ina lebura wurin maigidana, Allah ya jiƙansa.

Arshitek: Yawwa, ashe ga mai shaida. Fondasiyon zurfinsa nawa?

Maso: Zurfi kamar yaya?

Arshitek: Ramin da kuka gina kafin ku ɗora bango.

Maso: Mun dai share wurin sosai.

Alhaji: Inna lillahi! Shekara da shekaru nan nake kwana in na zo hutu!

Maso: Kuma ga ka nan da ranka, to mi ya faru? Allah ke riƙe gini Alhaji.

Alhaji: To kai naka debin nawa ne?

Maso: Ka fara kawo tan biyar na simintin Malbaza da tifa biyu ta yashi, sauran sai mun gani.

Alhaji: Sai mun ganin nan shi ya cinye maƙwabcina, gidansa har yau ƙarafa na kallon sama tantabaru na ƙwai a falo.

Maso: Wannan ba ni na yi ba. Ni farkon kawai na yi.

Sai ga muryar Hajiya daga bayan labule.

Hajiya: Alhaji wai etaj ɗin mi? Ni tun ruwan 2024 kicin ɗina ke zuba, tukunya ta fi samun ruwan sama bisa na pampo, kwano uku kawai na ce a canza mini.

Alhaji: Ai shi ne muke shawara Hajiya, ba a gaggawa da harkar gini.

Arshitek: Ni dai kuɗin man babur ɗina Alhaji.

Maso: Ni kuma na goro, tun asuba na fito.

Alhaji: Ku tsaya tukuna. Hajiya, shi kwano ukun wa za a ba cikinsu?

Hajiya: Ɗan maƙwabta ya riga ya hau, jikka biyu ya ce. Ku ukun wani ya zo ya riƙe masa tsani.