Cokulan Uwargida

Fim ɗin Indiya na ce yaron da ke tura fina-finai a waya ya sa mini, da na dawo gida sai na tarar da wani tsohon fim ɗin Amurka na gidan yari, baƙi da fari, ko fassara babu. Irin waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da canjin aljihu. In gandiroba ya buga ƙofar ƙarfe, bangon gaba ɗaya sai ya yi rawa. Wani mai gashin baki da aka harbe a farkon boren fursunoni, can gaba sai ga shi yana raba miya.

Yara suka kewaye ni, ni kuwa na zama tafinta. Da Turancin ya fi ƙarfina sai na koma ba su labarin gaske: yadda a 1962 mutum uku suka gudu daga kurkukun Alkataraz, wani tsibiri kusa da birnin San Faransisko na Amurka. Cokula suka wasa suka faɗaɗa ramin iska, suka haɗa kawunan bogi da sabulu da takarda da gashin da suka tsinto wajen aski, suka kwantar a gado. Shekara na zagayowa aka rufe gidan. Na ga Abba ya yi tsit, na ce yau yaro na ƙaruwa da ilimi.

Ranar Asabar na shiga tashinsa Islamiyya. Na yi kira, shiru. Na yaye bargo, sai ga kabewa sanye da hulata ta Sallah.

Kafin in farfaɗo, uwargida ta ƙwalla kira daga madafi: "Malam, ina cokulana?" A bayan akurkin kaji muka same su, duk sun lanƙwashe, ga rami a katangar ƙasa wanda ya ɓulle gidan maƙwabci. Abba dai ta ƙofar gida ya fice ƙwallo, ramin ya yi masa kaɗan. Kajinmu ne suka ci moriyarsa.

Na tara sauran yaran don bincike, suka ce fursuna ba ya tona asirin ɗan'uwansa. Alewa ɗaya auta ta karɓa ta zayyane komai, har da cewa Baba ne ya koya musu.

Uwargida ta dube ni sama da ƙasa. "To, mai tsibiri. Kuɗin magini, da cokula, da kaji biyu. Kabewar ma ta miyar dare ce."